Daren da Masu Gadi Suka Gaji

Da misalin ƙarfe huɗu na asubar 19 ga Janairun 1918, a fadar Tawrida da ke Petrograd, babban birnin Rasha a lokacin, wani matashin sojan ruwa mai suna Anatoli Zheleznyakov ya hau kan dandamali, ya dafa kafaɗar shugaban majalisa Viktor Chernov, ya ce masa an umarce shi ya sallami kowa daga zauren domin masu gadi sun gaji. Chernov yana tsaka da karanta dokar rabon gonaki. Ya amsa masa cewa su ma wakilai sun gaji, amma gajiya ba za ta tsayar da dokar da ƙasa duka take jira ba. Sama, a wurin zaman baƙi, sojoji ne cike da bindigogi, tun yamma suke ihu suna auna masu jawabi da bakin bindiga. Wasu wakilan ma da kyandir suka zo a aljihu da ɗan guzuri, don sun san za a iya kashe musu wuta. Cikin gaggawa suka amince da dokar gonakin, suka yi kira da a zauna sulhun yaƙi, suka ayyana Rasha a matsayin jamhuriyar tarayya ta dimokuraɗiyya, sannan suka fita cikin sanyi da nufin su dawo da yamma. Da suka dawo suka tarar an garƙame ƙofa, an girke manyan bindigogi a bakinta.

Wannan ita ce majalisar tsara kundin mulki da Rashawa sama da miliyan 40 suka zaɓa da hannunsu. Awa goma sha uku ta yi a duniya.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, injiniya ne da ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1970, mutum ne da nake jin nauyinsa ƙwarai. Wata rana bayan la'asar na kawo masa wannan labari, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ni na zauna da mutanen nan shekara shida. Barashe sai da bulala. Ƙasar da ta kai wannan girma, ga duhun kai a karkara, ga yaƙi, ga yunwa, wane ne zai riƙe ta da ƙuri'a? Mai jin yunwa burodi yake nema." Na ce, "Baba, to burodin sun samu?" Ya yi shiru, ya ce wannan doguwar magana ce. Gaskiyarsa, doguwa ce, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ra'ayina shi ne waɗanda suka tsaya a shekarar 1917 suka ce Rasha ta zama ƙasar zaɓe da kotu mai cin gashin kanta da jarida mai faɗin albarkacin bakinta, su ne suka fi kowa gaskiya, duk da cewa da hannunsu suka yi sakacin da ya jawo aka ƙwace abin.

Bari in fara da yadda sarautar ta faɗi, domin mutane da yawa suna zaton Lenin, jagoran jam'iyyar gurguzu ta Bolshebik, shi ne ya tumɓuke sarki. Lenin yana ƙasar Suwizalan lokacin, a jarida ya ga labari. Ranar 8 ga Maris 1917, mata masu aikin masaƙa a Petrograd suka fito kan titi saboda layin burodi da suke kwana a kai cikin ƙanƙara. (A kalandarsu ta wancan lokaci, wadda take baya da tamu da kwana 13, ranar 23 ga Fabrairu ce, shi ya sa ake kiransa juyin juya halin Fabrairu.) Ma'aikatan masana'antu suka bi su da yajin aiki. Aka turo sojoji su harbe su, bayan kwana biyu uku sojojin suka juya suka shige cikin jama'a. Sarki Nikolas na Biyu ya kamo hanya a jirgin ƙasa zai dawo babban birni, aka tare masa hanya, ya yada zango a Pskov. A cikin wannan jirgi, bayan manyan hafsoshinsa sun aiko masa da waya ɗaya bayan ɗaya cewa ba sauran mafita, ya yi murabus ranar 15 ga Maris. Washegari ƙanensa Mikhail ya ƙi karɓar gadon, ya ce sai in majalisar da jama'a suka zaɓa ce ta ba shi. Gidan Romanov da yake kan mulki tun 1613 ya ƙare cikin mako guda, kuma kusan ba wanda ya ɗaga hannu don ya kare shi.

Gwamnatin riƙon ƙwarya da ta maye gurbinsa ta fito ne daga Duma, majalisar dokokin zamanin sarki. Shugabanta Yarima Georgi Lvov, mutum ne da ya yi rayuwarsa a aikin majalisun karkara. Ministan harkokin waje Pavel Milyukov malamin tarihi ne, kuma jagoran jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi da ake kira Kadet. Ministan shari'a wani matashin lauya ne mai zafin baki, Aleksandar Kerenski. A cikin 'yan makonni suka yi abin da aka shekara ɗari ana roƙo ba a samu ba. Suka buɗe gidajen yari ga fursunonin siyasa, mutane suka riƙa dawowa daga Saiberiya ana tarbarsu a tashoshin jirgi. Suka rushe 'yan sandan ciki na sarki, suka soke hukuncin kisa, suka ɗauke takunkumin jarida da na taro. Suka soke duk wata doka da take bambanta ɗan ƙasa saboda addininsa ko ƙabilarsa, ciki har da wadda ta killace Yahudawa a wasu larduna na yamma. Dokar zaɓen da suka fitar ta bai wa duk mai shekara 20 ƙuri'a, mace da namiji. A lokacin matan Ingila ba su samu ba, na Amurka sai 1920, na Faransa sai 1944, namu na arewacin Najeriya kuwa sai ƙarshen shekarun 1970. Lenin da kansa, da ya iso a watan Afrilu, ya rubuta cewa a cikin ƙasashen da ke yaƙi babu wadda ta kai Rasha 'yanci. Shaidar abokin hamayya ce, kuma da wannan 'yancin ya yi amfani ya buga jaridarsa ya tara magoya baya.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika ba mu ba, alhali ya fi kowanne kusa da zuciyata. Daular Rasha tana da miliyoyin Musulmi: Tatar a bakin kogin Volga, mutanen Kaukasas, Kazak, da mutanen Turkistan. Tun zamanin Sarauniya Katarin gwamnati ce take naɗa musu mufti. A 1916 ma an zubar da jini mai yawa a tsakiyar Asiya da aka ce za a kwashi mazajensu aikin tilas a bayan fagen daga. To a watan Mayun 1917 wakilan Musulmi wajen 900 suka hallara a Mosko, daga kowane lungu na daular, cikinsu har da mata sama da ɗari. Malamai da 'yan boko suka zauna zaure ɗaya suka yi ta muhawara kwana da kwanaki a kan makarantu, da matsayin mata, da ko tarayya suke so ko haɗaɗɗiyar ƙasa mai ba su ikon addininsu da harshensu. Masu son tarayya suka yi rinjaye da ƙuri'a. A karo na farko suka zaɓi muftinsu da kansu, Malam Galimjan Barudi na Kazan, kuma cikin alƙalan da suka zaɓa akwai wata malama, Mukhlisa Bubi, wadda ta yi suna wajen karantar da 'ya'ya mata. Ba wanda ya aiko musu da jerin sunaye daga sama. Cocin Otodoks ma a wannan shekara ta samu ta kira babban taronta, ta zaɓi shugabanta Tikhon, bayan shekara 200 sarakuna sun hana kujerar.

Ina ba da wannan misali ne saboda masu cewa 'yanci irin wannan kayan Turawan yamma ne, kuma kishiyar addini ne. A Rasha dai masu addini ne suka fara shan iskarsa. Kuma su ne suka fara ɗanɗana rashinsa. Bayan 'yan Bolshebik sun karɓe mulki, majalisar ma'aikata da sojoji (sobiyet) ta birnin Tashkent a Turkistan, wadda Turawa 'yan ci-rani suka cika, ta ce ba za a sa Musulmi a gwamnatin yankin ba. Musulmi suka kafa tasu a birnin Kokand, a watan Fabrairun 1918 aka aika musu da sojoji, aka ƙone birnin, aka kashe dubban mutane. Malama Mukhlisa kuwa an harbe ta a 1937. A wannan shekara aka harbe Alikhan Bukeikhanov, jagoran Kazak wanda ya daɗe a jam'iyyar Kadet kafin ya kafa ta mutanensa.

Yanzu mu dawo kan maganar dattijona, cewa jama'ar ba su isa zaɓe ba. Gaskiya ne kusan huɗu cikin biyar na mutanen ƙasar manoma ne, kuma ƙidayar 1897 ta nuna ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai ba masu iya karatu. Gaskiya ne kakanninsu bayin gona ne har zuwa 1861. Amma rashin boko daban, rashin sanin ciwon kai daban. Manomin Rasha ya saba zama a taron ƙauye a raba gonaki a yanke haraji. Tun 1864 akwai majalisun karkara da ake kira zemstvo, waɗanda suka gina makarantu da ɗakunan shan magani, suka ɗauki likitoci da malamai aiki, kuma manoma suna da kujeru a cikinsu, ko da yake masu ƙasa sun fi yawa. A wannan shekara aka kawo tsarin da talakawa goma sha biyu suke zama a kotu su yanke ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba. A 1913 gwamnatin sarki ta gurfanar da wani Bayahude ma'aikacin gidan bulo a Kiev, Mendel Beilis, ta laƙa masa sharrin cewa ya yanka yaro don tsafi. An tsara shari'ar, an cika kujerun masu yanke hukunci da manoma da ƙananan mutane don ana ganin za su bi son zuciya. Suka zauna suka ji shaidu fiye da wata guda, suka sallame shi. Cikin lauyoyinsa akwai Vasili Maklakov na jam'iyyar Kadet. Mutanen da suka iya tsayawa gaban gwamnati su ƙi cin amanar baƙo, ni ban ga dalilin da za a ce ba su iya zaɓen wakili ba.

Zaɓen ma an yi shi, ba zato muke yi ba. An fara jefa ƙuri'a ranar 25 ga Nuwamba 1917, mako biyu da 'yan kwanaki bayan 'yan Bolshebik sun kame fadar gwamnati da bindiga. Manoma suka fito ƙauye guda, sojoji suka jefa tasu a ramukan yaƙi. Jam'iyyar manoma ta 'yan gurguzu, wadda ake taƙaita sunanta da SR, ta samu kusan kashi 40 cikin ɗari. Bolshebik suka samu kusan 24, galibi a manyan birane da barikoki. Kadet ko 5 ba su kai ba, duk da sun zo na biyu a Petrograd da Mosko. Sauran ya tafi ga jam'iyyun Yukren da na Musulmi da na wasu al'ummu. Duk wanda ya dubi wannan sakamako ya san mutane sun san abin da suke so: manomi ya zaɓi wanda ya yi masa alkawarin gona, ma'aikaci ya zaɓi wanda ya yi masa alkawarin masana'anta, ɗan wata al'umma ya zaɓi mai jin harshensa.

Wani zai ce ai ke nan jama'a sun ƙi masu sassaucin ra'ayi, tunda kashi 5 ma ba su samu ba. Haka ne, sun ƙi jam'iyyar. Ni kuma ba jam'iyyar nake karewa ba. Abin da nake karewa shi ne ƙa'idar wasan: a jefa ƙuri'a a ɓoye, a ƙirga, wanda ya ci ya yi mulki na ɗan lokaci, wanda ya faɗi ya koma ya ci gaba da buga jaridarsa ba tare da an bi shi gida da dare ba. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida 'yan gurguzu ne za su mulki Rasha a 1918, za su ƙwace gonakin masu sarauta su raba, Milyukov ya zauna a kujerar adawa yana cizon yatsa. Darajar tsarin ke nan, yana iya haifar da gwamnatin da masu kafa shi ba sa so. Lenin ya kawo hujja cewa jam'iyyar SR ta dare biyu bayan an riga an buga takardun ƙuri'a, don haka sakamakon bai nuna ainihin zuciyar manoma ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma maganin zaɓen da ya tsufa shi ne a sake wani, shi kuwa bai sake ba.

Ba zan wanke su Milyukov ba, domin laifinsu babba ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babban laifin shi ne yaƙi. An kwashi maza wajen miliyan 15 zuwa yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'ya'yan manoma, an kashe na kashewa an kama na kamawa, sauran zuciyarsu ta koma gida. Ranar 1 ga Mayu Milyukov ya aika wa Ingila da Faransa takarda cewa Rasha za ta ci gaba da yaƙi har a ci nasara, kuma kowa ya san idonsa yana kan Istambul da mashigin ruwanta da aka yi wa sarki alkawari. Takardar ta fita, gari ya ɗauka, dole ya sauka. Maimakon a ɗauki darasi, Kerenski ya zagaya fagen daga yana jawabi, ya tura sojoji sabon farmaki a farkon Yuli. Cikin 'yan kwanaki farmakin ya watse, sojoji suka riƙa sulalewa gida da bindigoginsu. Gwamnatin da ta soke hukuncin kisa a Maris ta dawo da shi a fagen daga a Yuli. Mutumin da ka ce masa shi ɗan ƙasa ne mai 'yanci, sannan ka ce ya je ya mutu don a samo wani birni da bai taɓa gani ba, dole ya yi shakkar 'yancin.

Laifi na biyu shi ne jan ƙafa. Duk abin da aka tambaye su, gona ce, matsayin Yukren ne, na Finlan ne, amsarsu ɗaya: a jira majalisar tsara kundin mulki. A ƙa'ida amsar tana da kyau, gwamnatin da ba a zaɓa ba bai kamata ta yanke manyan al'amura ba. To amma in haka ne sai a gaggauta zaɓen. Kwamitin rubuta dokar zaɓe bai ma fara zama ba sai da aka ci wata biyu, lauyoyi suka duƙufa suna neman dokar da ba ta da aibi ko ɗaya, aka sa Satumba, aka ɗage zuwa Nuwamba. Manomi kuwa damina ba ta jira. Kafin kaka sun fara shiga gonakin masu ƙasa da kansu suna ƙona gidaje. A kwatanta da Jamus: sarkinsu ya faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1918, ranar 19 ga Janairu 1919 aka yi zaɓe, mako goma kacal, a ƙasar da ita ma yunwa da tarzoma suka cika. Na yi imani da an yi zaɓen Rasha a watan Yuni ko Yuli, lokacin da Bolshebik ba su da ƙarfi, da labarin ya sha bamban.

Laifi na uku shi ya fi ci mini rai, domin cin amanar aƙidarsu ce. Da tsoro ya kama su, da yawa daga cikin 'yan Kadet suka fara hangen mai kaki. Suka zuba ido ga Janar Lavr Kornilov ya zo ya share musu Petrograd. Yunƙurinsa ya rushe tun kafin ya iso, amma don a tare shi sai da gwamnati ta raba wa ma'aikata makamai ta saki 'yan Bolshebik daga kurkuku, makaman kuwa ba su dawo ba. Bayan shekara guda, a Omsk ta Saiberiya, hafsoshi suka kifar da 'yar gwamnatin da ragowar wakilan majalisa suka shiga, suka ɗora Admiral Kolchak a watan Nuwamban 1918, 'yan Kadet na yankin suna mara musu baya. Wata guda bayan haka aka fito da wasu zaɓaɓɓun wakilai daga kurkuku aka kashe su a bakin kogin Irtish. Majalisar nan ja, wato Bolshebik, sun rufe ta, farare, wato hafsoshin da ke yaƙar su, sun binne ta. Wanda yake son zaɓe sai ranar da zai ci, ba son zaɓe yake ba, kuma wannan ciwo ya kama wasu daga cikin mutanen da nake yabo.

Duk da haka, a auna su da waɗanda suka gaje su, kuma a auna da mudun da dattijona ya kawo, wato burodi. Bolshebik sun yi alkawarin zaman lafiya da gona da burodi. Sulhun da suka sa wa hannu da Jamus a Brest-Litovsk ranar 3 ga Maris 1918 ya fitar da su daga yaƙi ɗaya, ya jefa ƙasar cikin yaƙin basasa da annoba waɗanda suka ci rayuka fiye da na farkon. Gonar sun bayar, da dokar da suka kwafo daga shirin SR. Kafin shekara ta zagayo suka fara aika 'yan bindiga ƙauyuka suna kwashe hatsi daga rumbu, har da irin shuka. Manoman Tambov suka yi tawaye a 1920, aka murƙushe su har da iska mai guba. Fari ya zo ya tarar da rumbuna wayam, yunwar 1921 zuwa 1922 ta kashe mutum wajen miliyan 5. Wasu tsofaffin masu sassaucin ra'ayi suka kafa kwamitin agaji, suka taimaka aka jawo hankalin duniya, da abincin Amurka ya tabbata sai aka rushe kwamitin aka kama su. Daga 1929 Stalin ya karɓe gonakin gaba ɗaya ya mai da su na gandu, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan da kudancin Rasha, gwamnati kuma ta ce babu wata yunwa. Manomin gandu ko takardar shaidar da za ta ba shi damar barin ƙauye ba a ba shi ba sai bayan 1974.

Me ya sa hakan ta yiwu? Domin an riga an cire duk wani abu da zai sa mai mulki ya ji kukan mai gona. Kwana biyu da hawansu suka fitar da dokar rufe jaridun adawa. Ranar 11 ga Disamba suka ayyana jam'iyyar Kadet a matsayin maƙiyan jama'a. Ranar 20 ga Disamba suka kafa 'yan sandan ciki na Cheka, wata tara bayan an rushe na sarki. Daga nan aka bi 'yan gurguzun da ba nasu ba ɗaya bayan ɗaya. Ko a zamanin sarki, da aka yi yunwar 1891, jaridu sun rubuta, majalisun karkara sun tara agaji, gwamnati ta ji kunya. A 1933 babu mai rubutawa, babu kujerar da wani zai rasa, babu kotun da za a kai ƙara. Manomin da aka ce masa ƙuri'a ba ta cika ciki, ranar da aka zo kwashe rumbunsa ba shi da abin da zai kare kansa da shi sai lauje. Sojojin ruwa na tekun Baltik, waɗanda daga cikinsu Zheleznyakov ya fito, sun gano haka da kansu. A watan Maris 1921 suka yi bore a sansanin Kronstadt, kuma abu na farko a takardar buƙatunsu shi ne a sake zaɓe da ƙuri'ar sirri, na biyu 'yancin magana da na jarida ga ma'aikata da manoma. Aka bi su ta kan ƙanƙara aka murƙushe su.

A watan Agustan 2024 na ga matasanmu a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, kamar yadda aka ɗaga ta a Yamai bayan juyin mulkin 2023. Ban ga laifin fushinsu ba, yunwar gaskiya ce ta fito da su, kuma waɗanda aka zaɓa sun ba su kunya. Abin da na so su sani shi ne ƙasar da suke ɗaga tutarta ta taɓa tsayawa a irin wannan mararraba, kuma farar hula da suka gaji da jira ne suka tafa wa masu bindiga. Mu ma mun san ɗacin zaɓen da aka yi aka soke, 12 ga Yuni 1993 ba ta yi nisa ba.

Akwai mutum biyu da nake yawan tunawa. Andrei Shingarev likitan karkara ne a lardin Voronezh, ya yi shekaru yana shiga bukkokin manoma yana rubuta abin da suke ci da abin da yake kashe 'ya'yansu, kafin ya zama ministan gona sannan na kuɗi. Fyodor Kokoshkin malamin shari'a ne, shi ya jagoranci kwamitin da ya rubuta dokar zaɓen nan da ta bai wa mata da sojoji ƙuri'a. An zaɓi Kokoshkin wakili. Suka zo Petrograd don buɗe majalisa, aka kama su aka kai su kurkukun Bitrus da Bulus. Jikinsu ya yi tsanani, Kokoshkin yana fama da tarin fuka, 'yan'uwa suka yi ta roƙo har aka mai da su asibitin Mariinski ranar da aka rufe majalisar. A daren nan wasu sojojin ruwa da 'yan jan gadi, wato 'yan bindigar Bolshebik, suka shigo ɗakin jinya suka kashe su a kan gadajensu. An yi maganar bincike, daga baya ta shiririce. Da safiyar ranar da majalisar ta zauna ma an buɗe wuta kan masu jerin gwanon goyon bayanta, cikinsu har da ma'aikatan masana'antu. Marubuci Maksim Gorki, wanda tsohon abokin Lenin ne, ya rubuta a jaridarsa yana kwatanta harbin da wanda sojojin sarki suka yi wa talakawa a Janairun 1905. A watan Yulin 1918 aka rufe jaridar tasa.

Sauran suka watse a duniya. Lvov ya rasu a Faris a 1925 ba shi da komai. A 1922 a Balin wasu 'yan a-mutun sarauta suka zo harbe Milyukov yana lacca, abokinsa Vladimir Nabokov, wanda ma sun saɓa a siyasa, ya yi tsalle ya kama ɗaya daga cikinsu, ɗayan ya harbe shi ya mutu nan take. Kerenski ya rayu har 1970 a Amurka.

Na koma wurin dattijona na karanta masa wannan kafin in fitar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai a shekara shidan da ya yi can bai taɓa jin sunan Shingarev ba, kuma a darasin tarihin jam'iyya da aka tilasta musu, 'yan layuka aka ba majalisar nan, aka ce taron maƙiyan juyin juya hali ne. Sai muka zauna muka yi lissafi tare. Yarinyar da ta cika shekara 20 ta jefa ƙuri'arta ta farko a wani ƙauyen Tambov a Nuwamban 1917, ba ta sake ganin takardar zaɓen ƙasa mai ɗauke da 'yan takara masu hamayya da juna ba sai a watan Maris 1989. In Allah ya ja kwananta ta tsallake yaƙin basasa da yunwa biyu da yaƙin Hitila, ta haura shekara 90 a ranar.